Godiya ga duk wanda ya sa hannu a karatun 'yata

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, 'yata ta fari ta samu gurbin karatun likitanci a Jami'ar Bayero. Tun jiya wayata ba ta huta ba, shi ya sa na ga gara in yi godiya a nan, kafin in bi manya gida-gida.

Karo na biyu ke nan. Bara makinta na JAMB ya yi kyau har mun fara murna, sai WAEC ta fito da D7 a Kemistiri. Likitanci kuwa ba ya ɗaga ƙafa, sai da kiredit a Turanci, Lissafi, Fizis, Kemistiri da Bayoloji. Ga gurbin ƙididdigagge ne, hukumar likitoci ta MDCN ce ke yanke wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Ni dai na ce ta karɓi wani kwas ɗin, ai duk karatu ne. Mahaifiyarta ta ce a bar ta ta sake. Uwargida, kin fi ni hangen nesa, na gode.

Malaminta na Kemistiri, wanda yake tasowa daga Ɗorayi bayan la'asar ya zauna da ita a soron gidanmu, Allah ya saka da alheri. Ya hana ta haddace amsoshin tsofaffin tambayoyi. Sai ya miƙa mata alli ya ce ta koya masa, in ta yi tuntuɓe a koma farko. Har ƙorafi na yi cewa ba sa sauri. Ya ce mini hadda za ta kai ta bakin ƙofa, amma shekara 6 ake yi a ciki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a Asibitin Malam Aminu Kano, lokacin da aka kwantar da Hajiyarmu saboda gyambon ciwon suga. Yarinyar nan ce ta yi jinya. Ta ware littafi tana rubuta lokacin kowane magani da abin da awon suga ya nuna. Ranar da aka buɗe ƙafar za a wanke, ni ɗanta na fita baranda, ita kuwa ta riƙe tocilan tana yi wa kakarta hira. A da na ɗauka farar riga da sunan Dakta take so. Daga ranar na daina wannan zato. Ma'aikaciyar jinyar da ta yi haƙuri da tambayoyinta, da matashin likitan da ya faɗa mata gaskiyar abin da ke gaba, har da darasin sassan jiki a kan gawa, ban riƙe sunayenku ba, amma kuna cikin addu'ata.

Kawunta na Kantin Kwari ya biya kuɗin NECO da fom. Maƙwabcinmu mai adaidaita sahu ya kai ta cibiyar jarrabawa da asuba, ya ƙi karɓar ko sisi. Allah ya biya ku.

A sa ƙawayenta biyu a addu'a, suna nan suna jiran jerin sunaye na gaba. Hajiya kuma ta ce in shaida wa kowa, ita ta riga jami'a sanin tana da likita.