Ta wajen uwa fa?

Ranar da dangin yaron da ke neman 'yata suka zo gaisuwa gidanmu a Agege, bayan an sha ruwa an raba goro, baffan yaron ya gyara zama ya ce mini, "Alhaji, ta wajen mahaifinka mun ji komai, duk Zango an san gidanku. To ta wajen uwa fa?"

Ba da mugun nufi ya tambaya ba. Binciken aure ne, ni ma na yi a kan ɗansu. Amma sai bakina ya yi nauyi. Ta wajen Baba ina iya jero kakanni biyar, tun daga wanda fataucin goro ya taso da shi daga Katsina. Ta wajen Mama kuwa abin da na iya cewa shi ne, "Baturiya ce, 'yar Yukren, daga Karkif." Dattijon ya gyaɗa kai, aka ci gaba da magana. Ni dai daren nan ban runtsa ba.

Baba yana cikin samarin da suka tafi karatu Tarayyar Sobiyet a shekarun 1970, lokacin da ake ta shirin masana'antar ƙarfe ta Ajakuta. A Karkif ya karanta injiniya, a can suka haɗu, ya dawo da ita. Ta musulunta, ta iya Hausa har da Yarbancin cefane, unguwa ta sa mata Mama Baturiya. Zancen gida ne ba ta so. In ka matsa mata sai ta ce, "Sanyi ne kawai a can," ta tashi ta shiga kicin. Allah ya yi mata rasuwa, Baba ya bi ta ba da daɗewa ba, ban tambayi ko ɗayansu ba.

Washegari na tafi wajen Goggo. Na ce, "Goggo, akwatin ƙarfen Mama yana wajenki?" Ta ce, "Yana nan ƙarƙashin gado, ɗan nan. Sai yau ka tuna da shi?" A ƙasan atamfofi, cikin wata tsohuwar jakar leda, na tarar da hotuna da takardu biyu masu hatimi, da rubutun da ban iya karanta ko harafi ɗaya ba.

'Yar wani abokina a Idi-Araba ta yi karatun likita a Sumi, wani birni na Yukren. Tana cikin ɗaliban da yaƙi ya ritsa da su lokacin da Rasha ta shiga Yukren ranar 24 ga Fabrairu 2022, sai a watan Maris aka samu aka fitar da su. Ita na kai wa. Ta ce ɗaya takardar aure ce, ɗaya ta haihuwa. Ta ƙara dubawa, sai ta ɗago kai ta ce, "Baffa, ai Mama ba 'yar Karkif ba ce." A wani ƙauye kusa da Oktirka aka haife ta, cikin jihar Sumi. Karkif karatu ya kai ta. Nan take na gane abin, domin haka mu ma muke yi a Legas: mutumin ƙauyen Haɗeja in aka tambaye shi sai ya ce ɗan Kano ne, don a huta. Kuma kamar yadda aka cire Jigawa daga Kano a 1991, haka aka kafa jihar Sumi a 1939; a zamanin sarakunan Rasha yankin Oktirka cikin lardin Karkif yake. Ashe Mama ba ta ma kauce wa gaskiya ba.

Duk mai son shiga wannan nema, sunan ƙauye ne jarinsa. Littattafan rajistar haihuwa ba a jera su da sunan dangi ba, da wuri aka jera su, don haka in babu ƙauye babu inda za a dosa. Sunan ma sai an bi shi a hankali, saboda an sauya wa garuruwa da yawa suna. Birnin da ake kira Dinifro tun 2016, kafin nan Dinifrofetrofsk ne, kafin 1926 kuma Yekaterinoslaf. A 2020 aka haɗe gundumomin ƙasar daga 490 zuwa 136, wato gundumar da ke rubuce a takardarka mai yiwuwa babu ita yau.

Yarinyar ta nuna mini wani abu a gindin takardar haihuwar: lambar rajista, da ranar da aka yi ta, da majalisar ƙauyen da ta rubuta. Ta ce wannan da ke hannuna shaida ce kawai, ainihin bayanin yana cikin babban littafi, kuma a can akwai abin da ba a kwafo ba, kamar shekarun iyaye da sana'arsu. Shekarun kakata nake buƙata, don in san shekarar da zan nemi haihuwarta.

Ga yadda tsarin yake. Ofishin rajistar haihuwa da aure da mutuwa, wanda ake kira ZAGS a zamanin Sobiyet, yau kuma DRATSS, a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, shi ke riƙe littafi har ya cika shekara 75. In ya cika, sai a miƙa shi gidan adana takardun tarihi na jihar, inda mai bincike zai iya nema. Kafin ya cika kuwa ba a ba kowa sai mai abin ko danginsa, su ma sai da hujja. Haihuwar Mama, a farkon shekarun 1950, ba ta kai ba a lokacin.

Hujjar nan ce ta fi ba ni wahala. Takardar rasuwar Mama ta Legas sunanta na Musulunci ke kai, da sunan Baba. Takardar haihuwarta kuwa sunan yanka irin nasu, da sunan ubanta, da na danginsu. A idon ma'aikaci waɗannan mata biyu ne daban. Takardar auren ce ta haɗa su, tare da takardar rantsuwa da na yi a kotu. Sannan Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar hatimin afostil, wato hatimi ɗaya da ke sa ƙasashen da ke ciki su amince da takardun juna, saboda haka sai da takarduna suka bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja da ofishin jakadancin Yukren, aka fassara su, kana na wakilta wata malama da yarinyar ta sani a can. Kafin wannan na riga na tura wa wani mutum kuɗi ta intanet, wanda ya ce mako biyu ya ishe shi; tun daga ranar ban ƙara jin ɗuriyarsa ba. Kada ku ba kowa kuɗi sai ya faɗa muku gidan tarihin da zai shiga da lambar kundin da zai buɗe. Kundayensu lamba uku gare su, fond, opis da sifrafa, wato rukuni, jeri da fayil. Mai aikin gaskiya da waɗannan lambobin yake magana.

Da bayanin ya iso, lissafi ya nuna an haifi kakata gab da yaƙin duniya na farko. Wannan ya fitar da ni daga ofishin gwamnati ya kai ni coci, domin rajistar gwamnati ba ta fara a Yukren ta Sobiyet ba sai 1919. Kafin nan limaman addini ke rubutawa, a littafin da suke kira metirika. Na cocin Otodoks tun 1722 aka ba da umarnin a riƙa yin sa, kashi uku: haihuwa, aure, mutuwa. Kwafi biyu ake yi, ɗaya ya zauna a cocin ƙauye, ɗaya a tura hedikwatar coci, shi ya sa in wuta ko yaƙi ya ci ɗaya ake sa ran ɗayan. Yahudawa suna da nasu. Abin da ya ba ni sha'awa, Musulmin Tatar na Kirimiya su ma limamansu sun riƙe irin wannan littafi, da haruffan Larabci, kamar ajaminmu. Wanda danginsa ke yammacin ƙasar kuma, wajen Lviv, lissafinsa daban ne: yankin yana hannun Ostiriya har 1918, sannan Folan har 1939, littattafan coci da yawa da Latinanci suke, wasu ma suna Warso.

A shafin intanet na FamilySearch, wanda ake binciken asalin dangi a kansa, na samu hotunan littafin ƙauyenmu. Na ce ƙauyenmu, don yanzu haka nake kiransa. Ba a fitar da sunayen ba, sai dai ka bi shafi shafi. Bayan isha'i, in an ɗauke wuta in tayar da janareta, in ɗauki hoton shafi in tura wa yarinyar, ita kuma ta yi ta fama da rubutun hannun limamin da ya yi shekara ɗari da wucewa, da tsohon Rashanci mai haruffan da aka daina amfani da su. Ta koya mini siffar sunan danginmu har na iya gane shi da ido, kamar yadda yaro ke gane sunansa a allo kafin ya iya haɗa baƙi. Ta kuma gargaɗe ni cewa suna ɗaya fuska biyu gare shi: Hanna a Yukreniyanci Anna ce a Rashanci, Mikola kuma Nikolai. Sunan uba ba ya ɓata, a jikin na ɗa yake: ɗan Iban Ibanobich, 'yarsa Ibanibna.

Dare na goma sha wani abu na ga sunan kakata. Ranar haihuwa, ranar wankan baftisma, sunan uba da aka rubuta manomi ne na ƙauyen, sunan matarsa, da mutum biyu da suka tsaya wa jaririyar. Ranar sai an ƙara mata kwana 13, domin da tsohuwar kalanda suke aiki har 1918. Na daɗe ina kallon layin nan. Baba, wanda na san kakanninsa biyar, takardar rantsuwar shekaru kawai ya bari, ranar haihuwarsa ma ƙiyasi ce. Wannan matar da ban taɓa jin muryarta ba, ga ranarta a rubuce.

Da a nan na tsaya da na kwana da farin ciki. Amma na rubuta wa gidan tarihi na jihar, da Yukreniyanci, na ba da sunan ƙauye da na dangi, na nemi a duba mini rajistar mutuwa ta 1932 da 1933. Na san an yi yunwa a shekarun, wadda suke kira Holodomor, lokacin da gwamnatin Stalin ta tilasta wa manoma shiga gonakin haɗaka ta kwashe hatsinsu, miliyoyin mutane suka mutu. A matsayin tarihin wasu na san shi. Amsa ta yi watanni, ban kuwa ga laifin kowa ba, Sumi tana bakin iyakar Rasha, ana aiki ne ana jin ƙarar harbi.

Shafi uku suka zo. Mahaifin kakata, da ƙannenta biyu, mace da namiji, duk a bazarar 1933, tsakaninsu 'yan makonni. A gurbin dalilin mutuwa, biyu an rubuta kalmar da yarinyar ta fassara mini da ƙarewar ƙarfi. Na ƙaramin an bar gurbin fayau. Mahaifiyarsu ba ta cikin littafin. A watannin nan mutane da yawa sun mutu ba wanda ya rubuta su. Yarinyar tana karanta mini a waya muryarta ta sarƙe, ta ce, "Baffa, ka yi haƙuri."

Mama ta faɗo mini a rai. In burodin Agege ya faɗi ƙasa takan ɗauka, ta hure, ta sumbace shi. Gutsattsarin da muka rage takan shanya a rana ta tara a gwangwanin madara. Ban taɓa ganin ɓacin ranta irin ranar da ta kama mai aiki za ta zubar da ƙanzo ba. Almajiri kuwa bai taɓa barin ƙofarmu da kwano wayam ba, ko da tuwonta za ta juye masa. Maƙwabta suna cewa Baturiya mai tattali, mu 'ya'yanta muna jin kunya in ta yi a gaban baƙi. An haife ta kusan shekara ashirin bayan yunwar, amma wadda ta tsira ce ta goye ta, kuma an sake wata yunwar a 1946 da 1947, gab da zuwanta duniya. Da na sani tana raye, da na zauna kusa da ita na taya ta shanyar.

Nema ya ɗauke ni fiye da shekara, an riga an ɗaura aure an kai amarya. Duk da haka wata Juma'a bayan an sauko na ɗauki shafukan na tafi gidan baffan angon. Na ce, "Baba, tambayar da ka yi mini ce na kawo amsarta. Manoma ne." Ya karɓi takardun yana juya su, ya ce, "Manoma? Ai 'yan gida ne." Na ba shi labarin shafi ukun. Ya yi shiru, sannan ya ce in faɗa masa sunayen yaran. Na faɗa, ya maimaita a hankali, harshensa yana tuntuɓe, ya ce, "Allah sarki."

A bayan littafin da Baba ya rubuta kakanninmu na Katsina akwai shafukan da babu komai. A nan na rubuta sunayen, da boko da nasu haruffan. Na bar layi ɗaya don mahaifiyar kakata, domin littafin haihuwa bai kawo sunan gidansu ba, sai a rajistar aurenta ake samunsa. Na tura wasiƙar neman wannan a watan jiya.