Hawan Tubkal a watan Afrilu

Wanda ke Marakesh a watan Afrilu zai ɗauka sanyi ya gama barin Maroko, don rana ta fara cizo. Amma duwatsun Atlas da ke kudu da birnin suna nan fari fat. Can muka nufa ni da abokan karatuna don mu hau Tubkal, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Arewacin Afirka, mita 4,167.

Mota ta sauke mu a Imlil, ƙauyen Amazigawa, wato asalin mazauna yankin, da ke kan kusan mita 1,740. Itatuwan tuffa sun yi fure, rafi na gudu da ƙarfi saboda ƙanƙarar da ke narkewa a sama, riga ɗaya ta ishi mutum. Tun bayan kisan wasu 'yan yawon buɗe ido biyu a Disamban 2018, ba a barin baƙo ya hau sai da ɗan jagora, jandarmomi kuma kan duba fasfo a hanya. Alfadarai suka ɗauki kayanmu, muka wuce Sidi Shamharush, inda wani ƙaton dutse da aka shafe da farin fenti yake, mutane na zuwa ziyara. Gaba da nan, inda dusar ƙanƙara ta rufe hanya, mai alfadari ya ja birki, domin ƙafar dabba nutsewa take yi. 'Yan dako suka karɓi kayan har masaukin da ke kan mita 3,207.

A masaukin ne na fara jin kai na sarawa, saboda iskar shaƙa ta ragu. Ruwan alwala kuwa, yatsu sai da suka daina jin komai.

Babban abin da na koya shi ne, a wannan lokaci na shekara ƙanƙarar dutse iri biyu ce a yini ɗaya. Da dare takan daskare ta yi tauri. Shi ya sa jagoranmu ya tashe mu tun kafin asuba, muka ɗaura wasu ƙarafa masu haƙora a ƙarƙashin takalma, kowa da tocila a goshi. Kana takawa kana jin ƙaras-ƙaras, haƙoran sun kama, ƙafa ta zauna daram. Idan babu su, gangaren farko da ke saman masaukin ya isa ya sulale da mutum, kuma babu abin kamawa. Na so in ƙara sauri, sai jagoran ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan'uwa, sannu-sannu, numfashinka za ka bi."

Mun isa ƙololuwa da hantsi, wurin da aka kafa wata dalar ƙarfe. Iska na kaɗawa, hasken da ƙanƙara ke mayarwa na soke ido, sai da baƙin tabarau. Jagora bai bar mu mun daɗe ba, kuma a saukowa muka ga dalili. Rana ta bugi ƙanƙarar ta yi laushi, wurin da muka taka da asuba yanzu ƙafa na lumewa har gwiwa, kamar mai tafiya a taɓon fadama. Ta riƙa cushewa tsakanin haƙoran ƙarfen, dole ka tsaya ka kakkaɓe da sanda, in ba haka ba santsi ya kwashe ka. A ƙarƙashinta kuma kana jin ruwa na gudu, ma'ana wani wurin rami ne aka lulluɓe. Safa ta jiƙe sharkaf.

Muna kusa da masauki muka tarar da wasu samari da suka makara, suna gardama da nasu jagoran don ya ce a juya. Sun biya kuɗi, sun zo daga nesa, na ji zafin abin a raina. Duk da haka ina tare da jagoran ɗari bisa ɗari: da sun ci gaba, da la'asar za ta same su a kan gangaren, lokacin da inuwa ke saukowa ƙanƙarar ta fara sake daskarewa, ga gajiya, ga jiƙaƙƙun takalma.