Yadda muka koya wa mutum-mutuminmu yin sigina

A wurin da nake koya wa matasa haɗa kayan lantarki a Katsina, mun ƙera ƙaramin mutum-mutumi mai tayoyi huɗu, wanda allon Arduino, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, ke sarrafawa, domin ya riƙa kai kayan aiki daga ɗaki zuwa ɗaki ta barandar da ɗalibai ke kai-komo. Gane mutum a gabansa bai ba mu wahala ba, tunda na'urar HC-SR04 da muka ɗaura masa tana hango abu daga nisan kusan mita 4. Abin da ya ci mana tuwo a ƙwarya shi ne mutane ba su san inda zai nufa ba, sai ka ga shi da mai tahowa sun kauce gefe ɗaya, sun yi cirko-cirko.

Mun fara da fitilun sigina hagu da dama, irin na keke napep, kuma kowa ya gane su ba tare da bayani ba. Sai dai tsawon injin bai kai gwiwar mutum ba, don haka fitilun suna can ƙasa, kuma hasken rana yana shanye su da tsakar rana. Ƙararrawa kuwa ba ta yi amfani ba, domin duk wanda ya ji ta sai ya ɗauka baya zai yi.

Daga nan muka gwada haska ƙasa a gabansa, dabarar da Proteus, mutum-mutumin ɗaukar kaya na kamfanin Amazon, wanda aka nuna a 2022, yake amfani da ita da koren haske. A cikin ɗaki ta yi kyau ƙwarai, a baranda kuwa rana ta sake yi mana cikas.

Abin da ya fi aiki, a ganina, shi ne tafiyar injin kanta. Tun a 2013 Anca Dragan da abokan aikinta a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka nuna cewa motsi da kansa yana iya bayyana niyyar inji. Saboda haka muka tsara shi ya riƙe hannun dama, kamar yadda ake tuƙi a Najeriya tun 1972, ya rage gudu, sannan ya karkata gabansa tun kafin ya isa kwana. Lokaci ma abin lura ne: babban mutum yana cin kusan mita 1.4 a daƙiƙa, don haka sai muka sa sigina ta riga juyawar da daƙiƙa 2 zuwa 3.

Yara ne har yanzu ba mu samo musu dabara ba, domin sun gane cewa yana tsayawa idan an tare shi, sai suka mai da tare shi wasa.