Inda na kai da tulin duwatsuna kafin baƙin Hajji su iso

'Yan uwa masu koyon shirya duwatsu, ga bayanin aikin rage cunkoso da na fara bayan ƙaramar Sallah. Na rubuta shi yadda ya zo, wata bayan wata.

Shawwal

Na fito da komai na zube a kan darduma: gwangwanayen Nido, gwangwanin cakulan, 'yan kwalaben turare da na wanke, da ledojin da ko kwance su ban yi ba tun ranar da na sayo su a kasuwar Alawi cikin Balad, tsohon garin Jidda. Kun san gidajen haya na Jidda. Tun rushe-rushen unguwanni na 2021 da 2022 da yawanmu muka koma ɗakunan da ba su kai na da ba, to babu inda za a ce nan ne ɗakin sana'a. Duk wadda ta leƙo shawararta ɗaya ce, wai in je shagon abu riyalain, mai sayar da kayan araha, in kwaso robobi masu gida-gida. Na dakata tukuna, domin da na duba tulin sosai sai na ga yawancinsa ba cikakken sili ba ne. Ragowa ce: goma sha biyar na wannan, bakwai na wancan, ashirin da 'yan kai na wani shuɗi da ba zan ƙara samun irinsa ba.

Daga nan na ɗauko biro. Silin dutse da ake sayarwa tsawonsa yakan kai santimita 38 zuwa 40. In duwatsun masu kaurin milimita 8 ne, za ki samu 47 ko 48 a sili. Carbi ƙarami 33 yake ci, saura kusan 15, waɗanda ba su isa awarwaro ba, tunda hannun babbar mace, wajen santimita 18, yana son 22 ko 23. In kuma babban carbi ne mai 99, sili biyu 96 ne in an yi sa'a. Saboda duwatsu uku sai ki sayi sili na uku, ki tashi da ragowar 45. Masu milimita 10 su 38 ne a sili, carbi ya ci 33, biyar su faɗa gwangwani. Haka tulin ke tashi, ba lallai sai mutum yana da kwaɗayin saye ba. Tsawon silin da mai shago ke sayarwa da adadin da aikinmu ke ci ne ba su dace ba, kuma roba mai gida talatin ba za ta gyara wannan ba, sai dai ta ɓoye shi.

Girma ɗaya na samu da lissafinsa ke fita daidai: milimita 6. Sili yana ba da kamar 63. Cire 33 na carbi, saura 30, wanda shi ne awarwaro guda cif. Yanzu in dai aikin zai karɓi shida, shida nake saye. In kuma dole sai takwas, tun a shago nake yanke wa ragowar aikinta: sili uku ya zama babban carbi ɗaya da awarwaro biyu, ko kuma kada in saya.

Sai batun warewa. Ido yana son a ware da launi, ja wuri ɗaya, kore wuri ɗaya, ya yi kyau a hoto. A wurin aiki ba ya taimako. Launi ido na gani ko a cikin taro, amma bambancin milimita 6 da 7 sai an ɗora su a zare ɗaya ake ganewa, lokacin kuwa an yi nisa. Don haka na ware da girma tukuna, sannan da irin dutse, launi ya zo ƙarshe. Gaurayen da ya fi ƙarfin yatsa rariya na sa masa. Na juye shi a matsamin taliya a kan faranti, na girgiza, 'yan mitsi-mitsin suka zube ƙasa, manyan suka tsaya. A shimfiɗa tawul a kan farantin kafin a fara, in ba haka ba za ki kwana kina bin su ƙarƙashin kujera. Masu yara ƙanana kuma a yi wannan aikin bayan sun yi barci, dutse a hancin yaro ba abin wasa ba ne.

Zulƙida

'Yan ƙananan gilasan nan masu kama da gero su suka fi cin lokaci. Lambarsu a juye take tafiya: 6/0 ya kai kamar milimita 4, 8/0 kamar 3, 11/0 kamar 2, 15/0 kuwa sai da allura ta musamman. Kuma lamba ɗaya ba ta nufin siffa ɗaya. Na ƙasar Cek, irin na kamfanin Preciosa, sun ɗan fi faɗi da taushin gefe, galibi a ɗaure suke zuwa, sili goma sha biyu a ɗauri. Na Japan, Miyuki da Toho, duka daga yankin Hiroshima, hudarsu ta fi girma, zare yana bi sau da yawa ba ta toshe ba. Delica ta Miyuki kuwa siffar gwangwani gare ta, tana kwanciya jere kamar bulo. In kika gauraya su a saƙa ɗaya, aikin zai karkace, ki yi ta zargin hannunki. Masu araha da ake aunawa da cokali a kasuwa ba su da laifi a jigida ko abin wuya mai sili-sili, amma kowane da girmansa, ban sa su kusa da na saƙa ba ko kaɗan. Kowace leda na rubuta mata lamba, kamfani da lambar launi in akwai, domin ko launi ɗaya ne, rinin bana yana iya bambanta da na bara.

Ban ƙirga su ba, aunawa na yi. Na sayi ɗan sikeli irin na masu zinariya, mai nuna har 0.01 na giram. 11/0 mai zagaye kusan 110 ne a giram, Delica 11/0 kusan 200. Manya kuma sai ki auna goma, ki raba, ki san nauyin ɗaya. Aƙiƙ mai milimita 8 yakan kai giram 0.7, saboda haka leda mai giram 21 kusan duwatsu 30 ke nan: awarwaro zai fita, carbi ba zai fita ba. Wannan adadin nake rubutawa a jikin leda da kuma a ɗan littafin da ke cikin jakata. A shago littafin nake buɗewa kafin in buɗe jaka.

Akwai kuma waɗanda ba a haɗa su gida ɗaya ko da girmansu ɗaya. A ma'aunin tauri na Mohs aƙiƙ yana kan 7, gilashi wajen 5 da rabi, murjani 3 zuwa 4, lu'ulu'u ƙasa da 5, kahraman, wato ƙaron itace da ya daskare, 2 da ɗan ɗoriya. Mai tauri yana kankare mai taushi duk lokacin da aka jijjiga gwangwani. Murjani da lu'ulu'u na naɗe su a ƙyallen auduga. Haka na yi wa 'yan yusur ɗin da nake da su, baƙin murjanin nan na Bahar Maliya da ake yin carbi mai tsada da shi.

Yanayin garin nan ma yana da nasa rabon. Danshin teku yana baƙanta maƙullai da ƙugiyoyin ɗan kunne tun ba a yi amfani da su ba, don haka duk ƙarfe yana cikin leda mai zif tare da 'yar jakar nan mai shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi. Ita jakar kada ta je kusa da lu'ulu'u, shi bushewa ke fasa masa fata. Kada kuma a ɗaure azurfa da robar ɗaure kuɗi, tana baƙanta ta. Zaren roba zafi ke kashe shi, wanda ya daɗe a kan durowa kusa da taga na ja shi ya tsinke a hannuna, na zubar da ƙullin duka. Sai abin da ya shafe mu mu Hausawa musamman: humra da turaren wuta. Duwatsun da aka yi wa fenti ko rufin ƙyalli turare yana cinye musu fuska, hayaƙi kuma yana bar musu danƙo. Akwatin ya bar ɗakin kwana, ya koma can ƙasan kabad ɗin falo.

Sai bayan duk wannan na je abu riyalain, na san adadin gidajen da nake bukata. Roba uku suka isa. A duba wadda bangon tsakaninta ya manne da murfi, in akwai tazara 11/0 za su yi ta ƙaura daga gida zuwa gida.

Farkon Zulhajji

Ragowar ta fara samun aiki. Biyar-biyar ɗin nan sun zama alamar tsakani a carbi, wasu sun hau tuntu, bibbiyu sun zama 'yan kunne. Carbi mai launi biyu, goma sha ɗaya-ɗaya na musanyawa, ya fi yadda na zata kyau, Yaya ta riga ta ce a ajiye mata biyu cikin tsarabarta. Na roba da na gilashi masu araha na haɗa su kwano guda na kai wa 'yan matan maƙwabta, suna ta jigida da su. Mu huɗu da muke koyo tare mun zauna mun yi musaya da sikeli a tsakiya, giram da giram, iri da irinsa. Shuɗina marar abokin tafiya ya tarar da 'yan uwansa goma sha biyu a gwangwanin wata, yanzu carbi ne.

Abin da ban taɓa ba shi ne ƙullin da Inna ta taho da shi daga gida: tsakiya guda tara da wasu duwatsun Bida, irin waɗanda masu aikin gilashi na Masaga ke narka kwalba su yi. Hudarsu babba ce kuma bakinta da kaifi, zaren nailan ba zai daɗe a ciki ba. Ina tunanin igiyar auduga mai kakin zuma da ƙulli tsakanin kowane biyu. Wadda ta taɓa shirya irinsu ta gaya mini kaurin igiyar da ta yi amfani da shi, domin ina so in gama kafin mahajjata su fara komawa, in aika wa ƙanwata da shi Kano.