Yammacin da na taka Seoul da ƙafa, daga ƙofar fada zuwa bakin garwashi

Kwana huɗu na yi a Seoul ina kallon garin ta gilashin mota. Taron masu aikin magudanan ruwa ne ya kai ni Koriya ta Kudu. Kullum da safe bas ta kwashe mu daga masauki, da yamma ta maido mu, in ka cire dogayen benaye da kogin Han babu abin da zan ce na gani. Ranar Alhamis da aka tashe mu da wuri sai na biya kuɗin wani zagayen gari da ake yi a ƙafa da yamma, da jagora, a rufe da cin gasasshen nama irin nasu. A takardar da na cike ta intanet akwai gurbin bayanin abinci. Na rubuta ƙarara cewa ni Musulmi ne, ba na cin alade, ba na shan giya. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Ƙarfe biyar muka haɗu a dandalin Gwanghwamun, mu tara. Tsakiyar Oktoba ce, iska mai sanyi kamar ta farkon hunturu amma babu ƙura. Jagorar tamu mace ce da za ta kai shekara arba'in, da 'yar tuta a hannu da takalmin gudu a ƙafa. Abin da ta fara yi shi ne ta duba ƙafafun kowa, ta ce wa wata baiwar Allah da ta sako takalmi mai tsini akwai matakalai da duwatsu a gaba, ta yi a hankali.

Daga inda muke tsaye kana hango ƙofar Gwanghwamun, bayanta fadar Gyeongbokgung da aka gina a 1395, bayan fadar kuma dutse ya tokare sama. Jagorar ta ce mu kalli layin nan da kyau, ƙofa, fada, dutse, domin an yi shekara saba'in ba a iya ganinsa. Lokacin da Japan ke mulkin ƙasar, daga 1910 zuwa 1945, ta gina katafaren ofishin gwamnanta a harabar fadar, aka kammala a 1926, ya tare fuskar fadar gaba ɗaya. Sai a 1995 aka fara rushe shi. Ba ta ɗaga murya ba, amma na ga yadda ta tsaya jim kafin ta ci gaba.

A tsakiyar dandalin akwai mutum-mutumin Sarki Sejong a zaune da littafi a hannu. Shi ne ya ƙirƙiri Hangul, haruffan rubutun Koriya, a 1443, aka shelanta su a 1446, saboda rubutun Sin da ake amfani da shi sai mai hali da dogon karatu ke iya shi. Haruffa 28 ne a farko, yau 24 ake aiki da su. Ta ciro takardar kuɗinsu ta won dubu goma ta nuna mana fuskarsa a jiki, sannan a cikin minti biyar ta koya mana rubuta baƙi uku da wasali biyu a tafin hannu. Na tuna kakana da bai taɓa shiga boko ba amma duk lissafin bashinsa a ajami yake. Sarkin da ya damu talaka ya iya rubuta harshensa, wannan na ji shi har cikin raina.

Inda na fi daɗewa, har sai da aka jira ni, shi ne rafin Cheonggyecheon. Aikina ne, kuma a taron ma an nuna mana hotunansa, amma gani ya kori ji. Ka sauka matakala daga titi mai cunkoso, ƙarar motoci ta ragu kamar an rufe ƙofa, sai sautin ruwa. Bayan yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 bakin rafin nan ya cika da bukkokin 'yan gudun hijira, ruwan ya koma kwata. Daga 1958 aka fara rufe shi da kankare, daga baya aka ɗora gadar sama a kai. A Yulin 2003, zamanin magajin gari Lee Myung-bak wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya, aka fara rushe gadar, a Oktoban 2005 aka buɗe rafin. Kusan kilomita shida aka tone. Na tsuguna na sa hannu a ruwan, sanyi ƙalau, ga ƙananan kifaye na bi ta tsakanin duwatsun tsallake, can gaba kuma zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, ma'aikatan ofis na wucewa ta gefensa da kofin gahawa.

Na tambaye ta daga ina ruwan ke zuwa, alhali na san amsar, ina so ne in ji ko za ta ɓoye. Ba ta ɓoye ba. Ta ce da famfo ake turo shi daga kogin Han da kuma ruwan da ke tsattsafowa a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma ƙananan 'yan kasuwar da aka tasa daga wajen da yawansu ba su ji daɗin inda aka mayar da su ba. Tun daga nan na yarda da ita. Ni da na taso kusa da Jakara a Kano, na ga lokacin da aka zuba mata kankare don a shimfiɗa titi, ban iya kallon wajen nan ba tare da na yi ta saƙe-saƙe ba.

Kafin ƙarfe shida rana ta faɗi, fitilu suka kama a ƙarƙashin gadoji. Na riga na ƙudurta zan haɗa magariba da isha'i a masauki tunda matafiyi ne, domin hanyar babu inda aka tanada don salla. Wanda ke son yin ta a kan lokaci ya fito da alwalarsa da 'yar darduma, ya kuma sanar da jagora tun farko ta ba shi minti biyar.

A ƙarƙashin gadar Gwangtonggyo ta haska mana wasu manyan duwatsu masu zane-zane, wasunsu a kife. Duwatsun kabarin Sarauniya Sindeok ne, kishiyar uwar Sarki Taejong. Ita ta so ɗanta ya gaji sarauta, rigimar ta kai ga zub da jini, da Taejong ya hau mulki kuma ambaliya ta cinye gadar, sai a 1410 ya sa aka kwaso duwatsun kabarinta aka gina sabuwa da su, jama'a suna takawa. Turawan da ke cikinmu sai da aka sake yi musu bayani. Ni kam ban buƙaci ƙari ba, rikicin 'yan uba a gidan sarauta ba baƙon labari ba ne a wajenmu.

Muka hau titin Jongno muka tsaya a Bosingak, rumfar babbar ƙararrawa. A zamanin Joseon, tsohuwar daular Koriya, ana buga ta sau 28 da dare a rufe ƙofofin gari, sau 33 da asuba a buɗe. Ganuwar Seoul ta fi kilomita goma sha takwas, da ƙofofi takwas, aikin sarkin ƙofa dai sak, sai dai nasu da ƙararrawa. Daga nan muka ratsa lungunan Ikseon-dong, tsofaffin ƙananan gidaje masu rufin tayil da suka koma shagunan shayi da kayan ƙawa. Cunkoson matasa masu ɗaukar hoto ya yi yawa, ban ji wajen ya kama ni ba.

Hayaƙi ne ya fara sanar da mu mun iso. Lungu ne kusa da tashar Jongno 3-ga, tebura a waje har bakin hanya, kowanne kamar ganga da rami a tsakiya, bututun zuƙe hayaƙi na reto daga sama. Aka ba mu babbar leda mu cusa rigunan sanyi don kada su sha ƙauri. Wani saurayi ya zo da tukunyar garwashi jajir a bakin dogon ƙarfe ya zura ta a ramin, aka ɗora raga. Kafin ka ce kwabo tebur ya cika da ƙananan kwanoni: kimci (tsimammen kabeji mai yaji), yankakkiyar albasa, ɗanyen tafarnuwa, latas, wani ganye mai ƙamshi da suke kira kennip, gishiri a man riɗi. Banchan ake ce musu, kuma in sun ƙare ƙari kyauta ne.

Sai farantin nama ya iso. Dogayen yanka ne, jan nama da farin kitse hawa-hawa. Samgyeopsal, naman gefen cikin alade, shi ne abin da akasarin mutane ke nufi in sun ce za su je cin gashi a Koriya, kuma lungun nan kusan duk naman alade ake sayarwa. Na ja kujerata baya. Wasu mata da miji 'yan Malesiya da muke tare suka kalle ni, na kalle su.

Na matsa kusa da jagorar na ce, "Malama, na rubuta a takarda ba na cin wannan." Fuskarta ta canza nan take. Ta buɗe wayarta ta nuna min jerin sunayen da ofishinsu ya turo mata, suna ne kawai da lambar waya, bayanin abinci bai iso gare ta ba. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, amma ba da ita ba. Awa biyu da rabi muna tare, na tambaye ta famfon ruwa da tarihin gada, ban buɗe baki na faɗi abin da ya fi damuna ba.

Ta ce a kawo mana naman sa. Nan na yi mata bayanin yanka, cewa ba alade kaɗai ba ne matsalar, kuma ɗan Malesiyan ya ƙara da cewa ruwan da ake jiƙa galbi da bulgogi, wato gasasshen naman sa irin nasu, a ciki wani lokaci ana zuba masa giyar shinkafa. Ba ta yi gardama ba, ba ta ce ɗan kaɗan ne ba. Ta ɗaga murya ta kira "Imo!", wata dattijuwa ɗaure da ƙyallen aiki a gaba ta taho. Daga baya ta gaya min kalmar na nufin 'yar'uwar mahaifiya, haka ake kiran mata masu gidan abinci, kamar dai mu ce Inna. Suka yi magana da sauri-sauri. Inna ta dube mu mu uku, ta gyaɗa kai, ta sa aka buɗe mana wani tebur daban, sabon garwashi, raga sabuwa fil daga leda, awartaki da almakashi daban. Ta kwashe miyar da aka fara ajiyewa ta ce akwai romon nama a ciki. Jagorar ta fita da kanta ta dawo da gasasshen kifi guda uku daga wani shago a lungun baya, irin wanda muke ce wa titus.

Abin da muka ci ke nan: kifi, shinkafa, ƙwai mai laushi da aka turara a 'yar tukunyar ƙasa, da laimar kwaɗi irin wadda ake ci, muka gasa ta da albasa da tafarnuwa. Inna ta tsaya a kaina ta nuna min yadda ake yi. Ka shimfiɗa latas a tafin hagu, ka ɗora kennip, ka sa abin da ka gasa, tafarnuwa ɗaya, ka lakato samjan, ka dunƙule, ka kai baki gaba ɗaya. Da na gutsuri rabi ta girgiza kai ta nuna min da hannu, loma ɗaya ake yi. Samjan ɗin nan haɗin barkono ne da waken soya da aka ruɓar, ƙamshinsa na bugun hancina na ce wannan ai daddawa ce.

Daga teburinmu na ƙare wa sauran kallo. A gida mai tsire ne ke tsaye a bakin wuta, ya yanka maka, ya barbaɗa yaji, ya naɗe a takarda ka yi gaba. A nan wutar tana tsakiyarku. Mutum ɗaya ke riƙe da awartaki, yana juyawa, yana datsa naman da almakashi, in ya gasu ya tura gefen raga gaban na kusa da shi, sau da yawa shi ne na ƙarshen ci. Ba wanda ke zuba wa kansa abin sha, na kusa da kai ne zai zuba maka, ka tara kofi da hannu biyu. A teburin wasu ma'aikata na ga matashi ya juya fuska gefe kafin ya kurɓa, saboda babba na wajen. Da jagorar ta zo ta zauna da mu, ta ɗauki kwalbar lemo ta zuba min da hannu biyu, na karɓa da hannu biyu, na zuba mata.

Da zan sake, zan sake, amma kafin in biya sai na tambayi sunan gidan abincin da irin naman da suke gasawa, in kuma maimaita wa jagora baki da baki a minti na farko. Cewa "ba na cin alade" kawai ba ya wadatarwa, sai ka ambaci raga da romo da ruwan jiƙon nama. Wanda zuciyarsa ba za ta natsu da zama inda ake gasa alade ana shan giyar soju ba, gara ya nemi a cire masa kuɗin abinci ya tsaya a zagayen kawai, ko ya nemi irin wanda ake rufewa a gidan abincin halal. Kuma a ɗan taɓa wani abu kafin a fito, domin sai wajen ƙarfe takwas muka fara ci.

Kafin mu rabu a bakin tasha ta rubuta min hanyar masallaci a bayan rasit: jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na shida, tashar Itaewon, ka hau tudu. Washegari na yi Juma'a a babban masallacin Seoul da aka buɗe a 1976, sahu ɗaya da 'yan Indonesiya da Pakistan da Uzbekistan da 'yan Koriya ƙalilan. Da aka sallame na gangara wani ƙaramin gidan abinci mai takardar shaidar halal a manne a ƙofa, na ce a ba ni bulgogi. Da aka kawo na shimfiɗa latas a tafin hagu, na ɗora nama da tafarnuwa da samjan, na dunƙule, na kai baki loma ɗaya yadda Inna ta nuna min.