Azal ɗin saman gidanmu, sau biyu na biya

Ɗakin Hajiyarmu ne na can sama a gidanmu da ke Shara Mansur a Makka. Da bazara kankaren rufin yini yake yana shan rana, ya kwana yana amayo ta cikin ɗakin. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na aiki ba hutu, ita kuwa tana fifita. Ga kuɗin wuta: tun 2018 halala 18 ne (halala ɗari ne riyal ɗaya) kowane kilowat, idan an haura 6,000 a wata ya koma 30, mu kuma gidan yawa ne.

Na ce a yi azal, wato shimfiɗar kariya da ake yi wa rufin gida. A lokacin ban ma san kashi biyu ba ne, akwai na zafi, akwai na ruwa. Na zafin ma iri-iri ne: fom da ake fesawa ya kumbura kamar soso, da allunan polistirin da ake shimfiɗawa a ɗora tayil a kai, da suf sakhari, wato ulun dutse, wanda wuta ba ta cinsa, amma idan ya jiƙe amfaninsa ya ragu.

Wani na samo a intanet saboda arha. Yini ɗaya ya fesa fom, ya karɓi kuɗinsa. Bai shafe shi da farin fentin da ke kare shi daga rana ba, shekara ba ta zagayo ba ya koma ruwan ƙasa yana marmashewa. Lambarsa kuma ta daina shiga.

Kawuna, tsohon magini, ya hau ya soka ƙusa. "Ɗana, wannan ko santimita biyu bai kai ba. Nawa kuka yi da shi?" Na yi shiru, don ba mu yi maganar kauri ba sam.

Karo na biyu a masallacin unguwa na yi cigiya. Aka haɗa ni da wani muƙawil, wato ɗan kwangila, na je na taka saman gidaje biyu da ya yi da ƙafata. Muka rubuta santimita biyar da fenti da garanti a takarda, ya haɗa da azal na ruwa. Na riƙe sulusin kuɗin har aka toshe magudanan, aka tara ruwa a saman kwana biyu, ko ɗigo bai sauko ba.

Yanzu Hajiya bayan isha'i take kashe mukayyif ɗin, wai sanyi na taɓa mata gwiwa.