Godiya kan aikin idon Baba

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah an sallamo Baba, gyaran da aka yi masa a ido ya yi kyau, yana gida har ya fara faɗan an canza masa wurin ajiye rediyonsa.

Masu ta tambaya wai me ya sake faruwa bayan an riga an yi aiki tun shekarun baya, to ga yadda likita ya mana bayani. Baba hawan jinin ido gare shi, da maganin ɗigawa ya kasa saukar da shi sai aka yi masa aikin nan da ake buɗe wa ruwan cikin ido 'yar hanya, ruwan ya riƙa taruwa a wani ɗan bororo ƙarƙashin fatar ido ta sama. To fatar bororon ce ta yi shara-shara har ta huje, ruwa na ta zuba, kowa a gida cewa yake hawaye ne na iskar hunturu, shi kuma kullum ƙorafinsa gani ya yi masa hazo-hazo. Da aka auna matsin ruwan cikin idon, awon bai kai 5 ba, alhali lafiyayyen ido tsakanin 10 ne zuwa 21. A gabana likita ya sa masa wani magani ruwan ɗorawa ya haska da shuɗiyar fitila, ya ce in leƙa, wallahi da idona na ga ruwan na gangarowa siriri. Ya ce abin tsoron ba zubar kaɗai ba ce, ƙwayar cuta na iya bi ta hujin ta shige cikin idon, shi ya sa bayan sun gwada wata 'yar roba da ake ɗorawa kan ido ba ta tsayar ba suka shiga tiyata, suka janyo lafiyayyar fata daga sama suka rufe wurin suka ɗinke.

Likitan nan da nas-nas ɗinsa Allah Ya saka muku da alheri, musamman haƙuri da tambayoyin Baba. Kuma ba ku ɓoye mana komai ba, kun ce ganin da ciwon ya riga ya cinye ba ya dawowa, wanda ya rage ake tsarewa.

Kawu da ya biya rabin kuɗin ya ce kar a faɗa, ka yafe min na faɗa. Maƙwabcinmu mai adaidaita sahu da ke kai mu tun asuba ya ƙi karɓar ko sisi, Allah Ya buɗa maka. Jama'ar masallacin layinmu mun ga saƙo, mun gode. Liman kuma godiya ta daban, don shi kaɗai ya iya lallashin Baba ya yarda ya yi salla a zaune, likita ya hana sunkuyo har ɗinkin ya kama.

'Yan uwa na jini an ce mu ma mu je a auna mu, ciwon yana bin dangi, Yaya kai nake nufi. Masu zuwa dubiya bismillah bayan la'asar, amma don Allah kar a kawo kwalli ko wani maganin ɗigawa, ko na Madina ne, ba za mu sa masa ba.